Kwalbar Anaruwa

A Tudun Marke, gidan da ke ƙarshen gari ta hanyar rafi, mutum uku ne a cikinsa. Akwai mai gidan, Kofur Jatau, tsohon soja mai gashin baki. Akwai ɗan ƙaninsa, Anaruwa, wanda aka haifa ana tsuga ruwan sama, sunan ya bi shi. Sai matar Anaruwa, Tabawa, wadda mutanen gari suke cewa in da haƙuri ake shiga Aljanna, ita ba za a tsayar da ita a ƙofa ba. Anaruwa ya ba arba'in baya. Ƙarfi gare shi, gonarsa ba ciyawa, kuma ba wanda ya taɓa kama shi da ƙarya. Aibinsa ɗaya ne: yadda magana ta fito daga bakinka haka yake ɗaukarta, ba ya juya ta ya duba bayanta. Ranar aurensa dattawa suka yi masa nasiha ya riƙe matarsa hannu bibbiyu. Sai da Tabawa ta yi kwanaki tana tuƙa tuwo yana riƙe da kafaɗunta, kafin liman ya zo ya warware maganar.

Shi Kofur abu biyu ya dawo da su daga bariki, fansho da shan giya. Matarsa Yalwa ta yi fama da shi har ta koma ga Allah. Ranar sadakar uku ya shigo cikin masu zaman makoki yana tangaɗi, 'yarsa tilo, Azumi, tana kallo. Azumi ma'aikaciyar jinya ce a Ikko, can take aure. Ba ta yi hayaniya ba. Ta ɗauki jakarta, ta ce ƙafarta ba za ta sake taka gidan ba sai ranar da ya rabu da kwalba. Shekaru suka shuɗe ba ta zo ba, har ta haifi ɗa namiji kakansa bai taɓa ɗaukarsa ba. Ɗakin Yalwa yana nan a kulle. Kofur yana cewa ya daina, gaskiyar kuwa ragewa ya yi. Hausawa sun ce sabo turken wawa, kuma a wannan gida ba Anaruwa ne ke ɗaure a turken ba.

Wata rana Azumi ta bugo waya, aka buɗe murya kowa yana ji. Ta ce wurin aikin mijinta sun ba su gurbi a wani babban jirgin ruwa, irin na shan iska, wanda zai tashi daga Ikko ya yi 'yan kwanaki yana zagaya teku ya dawo. Tana so Baba ya zo, tunda gida ta yi wa rantsuwa, ba ruwa ba. In aka yi tafiyar aka gama ba ta ji warin komai a bakinsa ba, za ta kawo masa jikansa gida da Sallah. In kuwa ta ji ko sau ɗaya ne, to kowa ya kama gabansa. Ta ƙara da cewa dokar jirgin ta yarda kowane babba ya shiga da kwalba ɗaya ta abin shansa, amma tata dokar ba ta yarda ba. Sannan ta nemi a miƙa wa Anaruwa wayar.

"Yaya Anaruwa, da kai za a zo. Ka sa wa Baba ido."

"An gama," in ji Anaruwa.

Ranar kasuwa ya tafi rumfar mahauta ya sayi idon bijimi, ƙato, ya naɗe a ganye. Ya jira Kofur ya kwanta barcin rana, ya sa masa a cikin hula. Kofur ya tashi ya kafa hularsa ya tafi majalisa, ƙudaje suna yi masa rakiya. Da sanyin ya ishe shi a ka sai ya cire hular ya leƙa, ya ga ana kallonsa daga ciki. Mutumin da ya ga yaƙi da idonsa, ranar sai da ya tsallake tabarma biyu. Da aka ritsa Anaruwa ya ce Azumi ce ta ce a sa, nasa idanun kuma yana bukatarsu don ganin hanya. Tabawa ta zaunar da shi ta yi masa bayani cewa kallo ake nufi. Daga ranar bai ƙara ɗauke ido daga kan Kofur ba, har ƙofar banɗaki, sai da tsohon ya fito masa da sanda.

Wata rana, ana saura kaɗan tafiya, Anaruwa ya zauna ya yi lissafinsa. Jirgi dai na shan iska ne. An kuma ce kowa zai iya tahowa da kwalbar abin shansa. Shi bai san irin iskar da ake ba mutane a can ba, kuma ya san ruwan wani gari yana ɓata ciki, balle iska. Ya nemi kwalba a gidan ya rasa, sai ya karɓi mabuɗin ɗakin marigayiya a hannun Tabawa. A bayan tukwane ya sami wata doguwar kwalba mai duhu, wadda Yalwa take jiƙa kajiji da kanumfari a ciki tana haɗa turarenta, ta bushe ƙayau tuntuni. Ya hau tudu da ita ya buɗe mata baki, amma iskar tudu ba ta tsayawa, yana tare ta ta gabas tana zille masa ta yamma. Ya wuni yana guje-guje, yara suna bin sa. Da yamma ya dawo mayar da kwalbar, sai ya lura iskar ɗakin marigayiya a zaune take, ba ta zuwa ko'ina. Ya bar kwalbar ta kwana a ɗakin baki buɗe, da safe ya toshe ta da totuwar masara, ya liƙe da kakin zuma. Tabawa ta tambaye shi abin da ke ciki, ya ce guzuri ne. Ta ce Allah ya amfana, ta ci gaba da tankaɗe.

Wata rana suka kama hanyar Ikko a motar haya. Don girmamawa aka ba Kofur gidan gaba, sannan direba ya ƙaro wani fasinja kusa da shi, suka matse tsohon zuwa tsakiya. Suka isa a gajiye. Azumi ta durƙusa ta gaida ubanta, gaisuwar ba yabo ba fallasa. Ta turo masa yaron, wanda ashe sunansa aka sa masa, ana kiransa Baba Ƙarami. Kofur ya ɗauke shi ya rungume. Can ta ja Anaruwa gefe.

"Yaya, kai ba ka ƙarya. Baba ya taɓa giya a hanya?"

"Ya taɓa."

"Sau nawa?"

"Ai bai rabu da ita ba. Tun daga Kwantagora tana tsakanin ƙafafunsa. Direba ma sai ya roƙe shi ya matsa kafin shi ma ya samu ya taɓa."

Azumi ta nemi wuri ta zauna. Ta kira mijinta, Malam Sabi'u, ta ce a nemi motar da za ta mayar da su gobe da sassafe. Malam Sabi'u mutum ne mai bin magana a sannu. Ya tambayi Anaruwa ko direban yana sha yana tuƙi ke nan. Anaruwa ya dube shi da tausayi, ya ce shi dai a garinsu ba a shan ƙarfe, sai dai in a Ikko ana yi. Nan aka gane giyar mota ce. Azumi ta yi dariya har da hawaye, amma hawayen ba duka na dariya ba ne. Kofur yana falo yana jin komai, gumi ya jiƙa masa riga.

Wata rana, kafin jirgi ya tashi, Kofur shi ma ya yi nasa lissafin. Dokar jirgi ta ba kowane babba kwalba ɗaya. Dokar Azumi a kansa kaɗai take. Ke nan rabon Anaruwa yana nan zaune a banza. Shi ba wai sha zai yi ba, don dai ya san tana kusa ne, ko da rawar hannu za ta taso. Haka masu sha suke yi wa kansu huɗuba, kuma ba su taɓa rasa mai cewa amin ba. Ya ja Anaruwa bayan gida ya ba shi kuɗi, ya ce ya samo masa ruwan inabi, irin na manya, wanda ya kwana biyu, don shi ya fi daɗi.

Anaruwa ya bi titi har ya ga wani ɗan Arewa mai kayan marmari yana ɗauraye inabi a roba. Ya yi sallama ya ce ruwan yake so. Mutumin ya dube shi sama da ƙasa, ya ce ya ɗiba. Anaruwa ya tambaya ko ya kwana biyu, aka ce na yau ne. Ya ce to a ajiye masa, zai dawo jibi. Jibi ta yi ya dawo, ruwan ya yi kauri, 'yan ƙwari suna iyo a kai. Mai kayan marmari ya juye masa a gora, ya ƙi karɓar ko kwabo, har ya bi shi da addu'ar samun sauƙi. Kofur ya karɓa a bayan gida, don ɗoki bai tsaya dubawa ba, ya kafa kai ya yi kurɓi uku kafin harshensa ya kai masa rahoto. Ya wuni yana sintiri tsakanin ɗaki da banɗaki. Azumi ta haɗa masa ruwan gishiri da sukari, ta zauna kusa da shi tana ba shi da cokali, abin da rabonsa da samu tun tana budurwa. Da wani ne da ya ɗauki darasi. Shi kuwa da ya warware sai ya ce za shi aski, ya je da ƙafarsa ya sayo kwalbar giya ta gaske.

Wata rana aka ce yau ne. Suka isa bakin ruwa, Anaruwa ya ɗaga kai yana neman ƙarshen jirgin har hularsa ta faɗi. Ya tambaya ina jirgin, don shi unguwa yake gani. Azumi da mijinta da yaro suka shige gaba. Kofur ya ja baya, ya zura kwalbarsa a jakar Anaruwa, ya raɗa masa cewa in an tambaye shi ya ce tasa ce. Mai duba kayan da ke ƙofar shiga jirgin a Sabon Garin Kano ya girma, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya zaro kwalba biyu daga jakar ya ce ɗaya aka yarda. Ya girgiza mai totuwar, ya ji shiru, ya ce wannan ai ba komai a ciki, ta wuce. Anaruwa ya ji haushi, ya ce cike take har wuya. Mutumin bai kula ba, ya ɗaga ɗayar.

"Wannan ta wane ne?"

"Tawa ce."

Aka mayar masa. Da abin ya tsaya nan da an rabu lafiya. Sai mai duba kaya ya ga wata jar jaka an bar ta a kan tebur, ya tambayi mutane ta wane ne. Anaruwa ya ce tasa ce. Aka buɗe, ga takalma masu tsini da gashin kanti. Wata mata mai jiki ta taso daga baya tana zazzaga faɗa da Turanci, mai duba kaya ya nuna ta ya tambaya wa ke tare da wannan. Anaruwa ya ce tasa ce. Mijin matar yana tsaye a wurin, ƙato ne, kuma ya zauna a Jos, yana jin Hausa. Sai da Kofur ya shiga tsakani yana sara wa kowa, yana nuna kai da yatsa yana juyawa, alamar Anaruwa ba shi da cikakken hankali, kafin aka sake su. Suna hawa matakala ya ce wa Anaruwa kwalbar kaɗai ake nufi, kuma sai in an tambaya. Anaruwa ya ce to, ai da an faɗa tun farko.

Wata rana, wato ranar da jirgi ya bar gaɓa, suna shiga ɗakinsu Kofur ya ji takun Azumi a waje. Ya tura wa Anaruwa kwalbar da sauri, ya ce ya ɓoye ta inda ko shi kansa ba zai gan ta ba. Anaruwa ya sa ta a riga ya fita, ya jima, ya dawo hannu wofi. Bayan an ci abinci Kofur ya tambaye shi inda take. Anaruwa ya ce ba zai faɗa ba. Kofur ya lallashe shi, ya zage shi, ya tuna masa wanda ya yi masa aure. Anaruwa ya ce duk gaskiya ne, amma Baffa da bakinsa ya ce ko shi, kuma shi ba zai saɓa wa Baffa ba don Baffa ya ce ya saɓa. Kofur ya birkice ɗakin, ya ɗaga katifa, ya leƙa bayan madubi, bai sami komai ba. Haka ya shiga kwanakin tafiyar da makogwaro a bushe, hannunsa yana rawa har shayi yana zuba a faranti. Azumi ta ga rawar hannun. Aikinta ne, ta san abin da take nufi, ta san kuma wanda ke sha a ɓoye hannunsa ba ya rawa haka. Sai ta fara zuba masa shayin rabin kofi.

Wata rana Anaruwa ya hau saman jirgi don ya yi abin da aka zo yi. Ya tarar da mutane a kishingiɗe a kujeru, kowa bakinsa a rufe, ya yi mamakin masu biyan kuɗin abu su ƙi sha. Shi ya tsaya a bakin ƙarfe ya wangale baki yana haɗiya, har cikinsa ya kumbura ya yi ta gyatsa. Hukuncinsa shi ne iskar ba laifi, amma an cika mata gishiri. Ya gode wa Allah da ya taho da tasa. Ya ɗauko kwalbar ya nufi ɗakin cin abinci don ya sha a zaune kamar kowa. Wani ma'aikaci ya tare shi, Malam Sabi'u ya fassara masa cewa duk wanda ya zo da kwalbarsa, in zai buɗe ta a nan sai ya biya kuɗin buɗewa. Anaruwa ya ce kwalbar tasa ce, abin ciki nasa, totuwar ma daga gonarsa take. Aka ce haka dokar take. Ya ce to su riƙe dokarsu shi ya riƙe totuwarsa, ya mayar da ita ɗaki ba tare da ya taɓa kakin ba.

Wata rana, ana gobe za a koma Ikko, suna zaune a inuwa bayan la'asar, Baba Ƙarami yana kan cinyar kakansa yana ja masa gashin baki. Azumi tana kallon ruwa, can ta tambayi ubanta ko ɗakin Inna yana nan yadda yake. Kofur ya ce yana nan. Ta ce in ta zo da Sallah a nan za ta sauka. Wannan ce maganar da ya yi shekaru yana jira, amma da ta zo sai ta zo masa da tsoro, don shi tun ranar sadakar ukun nan bai iya ko kallon ƙofar ɗakin ba. Ƙishin da ya yi kwanaki yana dannewa ya taso masa gaba ɗaya. Ya sauke yaron ya ce zai miƙe ƙafa. Ya yafito Anaruwa suka zagaya can bayan jirgi, inda ruwa ke tafasa fari. Akwai mutane jefi-jefi a wurin, don haka ya rage murya.

"Na soke waccan maganar. Oda ce. Je ka kawo mini kwalbar nan taka, ka rufe ta kada kowa ya gani."

Anaruwa ya tafi yana tunani a hanya. Kwalbar Baffa dai tasa ce in an tambaya, yanzu kuwa ba wanda ya tambaya. Wadda take tasa ko an tambaya ko ba a tambaya ba guda ɗaya ce. Ya ji zafin rabuwa da guzurinsa, amma Baffa uba ne, kuma nan ba ɗakin cin abinci ba ne balle a ce a biya. Ya naɗe ta a tawul ya kawo. Ya ɓare kakin da farce, ya zare totuwar, ya miƙa da sauri ya ce Baffa ya sha kafin ta gudu.

Kofur ya juya baya ya kafa baki ya ɗaga kai. Daidai nan Azumi ta ɓullo, ta biyo shi da hularsa da ya manta a kujera. Ta ga ubanta a lungu, kwalba a baki, an naɗe ta da tawul. Ta tako ta miƙa hannu, shi kuwa ya sakar mata, don ya riga ya sandare a tsaye. Ba komai ya shiga makogwaronsa ba, amma wani abu ya shiga hancinsa. Azumi ta kai kwalbar hanci, irin yadda mai jinya ke yi don ta tabbatar da abin da ta riga ta sani.

Kajiji ta ji da kanumfari, da ɗan hayaƙin da ke kama kayan ɗakin da aka daɗe ana turarawa. Ƙanshin zanen da aka goya ta da shi ne. Ta zare tawul ɗin ta ga kwalbar, ta gane ta, har da ɗan tsagin da ke bakinta.

"Ta Inna ce," in ji ta.

Anaruwa ya ce kwalbar ta Inna ce, amma iskar shi ya ɗebo, a ɗakinta, don ta tudu ta ƙi shiga. Kofur ya dafa ƙarfen jirgi, ya yi kukan da ya kamata ya yi ranar sadakar uku. Azumi ta dube shi ta dubi kwalbar. Ba yarinya ba ce, ta san ba iska ya aika a kawo masa ba. Shi ma ya san ta sani. Ta sake kai kwalbar hanci, ta matsa kusa da shi ta sa masa hularsa, suka tsaya tare suna miƙa wa juna kwalba wofi. Anaruwa ya ga duk su biyun suna hawaye, ya ce su yi a hankali, iskar tana da ƙarfi, ta kwana biyu.

Da suka natsu, Kofur ya share fuska. A gaban 'yarsa, ba tare da rage murya ba, ya tambayi Anaruwa ina ɗayar, don a kawo a zubar. Anaruwa ya ce ai ya duba jirgin sama da ƙasa tun ranar farko, bai ga inda tsohon soja ba zai gano ba, sai ya ba teku ajiya. In Baffa yana so, gobe a kan hanyar komawa sai a tambaya. Kofur ya ce a bar wa teku.

Sai a lokacin Anaruwa ya karɓi kwalbarsa ya leƙa ciki da ido ɗaya, ya girgiza, ransa ya ɓaci. Ya ce tun daga Tudun Marke yake dakon abin nan, ya hana kansa, ga shi sun shanye tas ba su rage masa ko kurɓi ba. Azumi ta karɓe ta daga hannunsa ta mayar da totuwar. Ta ce ya yi haƙuri, bashi ne ta ci, kuma ba sai Sallah ba, tare za su koma ta cika masa da hannunta.

Anaruwa ya yi nazari ya ce ya yarda. Sai dai ta sani ba a cika ta a tsaye, dole ta kwana a ɗakin.